"Ba Ya Cizo," In Ji Mai Kare

Yaya ya tafi Umra ya bar mini gida da kare. Kun dai san Janar, ƙaton nan da ya sayo a Jos, wanda ko ni ɗan gida sai na yi gyaran murya kafin in taɓa ƙofa. Umarni ɗaya aka bar mini: bayan la'asar in saka masa sarƙa in zaga da shi layi, wai zaman keji na sa shi ƙunci. Ni da ko tunkiya ban taɓa ja ba.

Da farko abin ya yi armashi. Farar jallabiyata, silifas ɗina sabo, kare na tafe a gefena, yara na darewa suna ba mu hanya. Har na rage sauri da muka zo daidai teburin mai shayi, don 'yan majalisa su gani da kyau.

Sai ga karnukan yaron nan ɗan farauta sun fito daga kango, su uku, ramammu, ba igiya ba komai. Biyu suka tsaya nesa. Jan nan mai yankakken kunne kuwa ya miƙo kanmu kai tsaye.

Janar ya tsaya cak. Jelarsa ta sandare, gashin bayansa ya miƙe tun daga wuya har ƙugu, ya lashi baki, ya waiwayo ya kalle ni. Wallahi ya kalle ni. Ni kuma na yi abin da duk mai hankali zai yi, na naɗe sarƙar a hannu sau biyu na ja da ƙarfi. Daga can yaron ya ɗaga murya, yana ɓare gyaɗa, ko tashi bai yi ba:

"Malam ƙyale shi, ba ya cizo!"

Wa ya tambaye ka naka? Nawa nake ji!

Janar ya miƙe a kan ƙafafun baya yana wani irin haushi da ban taɓa jin sa ba ko da dare. Jan ya zagaya ta bayana, Janar ya bi shi, sarƙa ta naɗe mini ƙafafu. Na ce innalillahi. Ya sake zagayawa. Na ɗaga hannuna ɗaya ina neman abin kamawa, babu komai sai iska, na tafi a hankali, a hankali, har ina ganin mai shayi ya tsaya da ludayi a sama. Gwiwa ce ta fara sauka, sai kafaɗa, sai kare ya fizga, ya ja ni a ƙasa kamar buhun gawayi har bakin kwata. Jallabiya ta tattaro ta rufe mini kai. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa gajeren wandon ƙwallo ne, mai ruwan ɗorawa, wanda ban taɓa nufin duniya ta gani ba.

A cikin duhun rigar nan na ji dariyar farko. Na san mai ita. Za mu haɗu.

Da na samu na fito da kai, sarƙa ta riga ta suɓuce daga hannuna. Na zaci zan ga jini. Me zan gani? Karnuka biyu suna zagaya juna a natse, kowa na shinshina bayan ɗan'uwansa, Janar har da kaɗa jela. Sun shirya. Ni kaɗai ne a ƙasa, ƙafa ɗaya a kwata. Sai jan ya tako, ya dube ni, ya lashe mini kunne.

A nan ne Alhajin gidan da ke kan kwanar layinmu ya shigo maganar. Mutumin nan yana kusa da ni, hannu kawai zai miƙo. Bai miƙo ba. Sai ya gyara hula ya ce, "To yaro, sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa." Mai shayi ya ajiye ludayi ya ce a'a Alhaji, mu nan Malikiyya ne, kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki a ciki ita ake wanke wa sau bakwai. Alhaji ya ce kunne ma ai yana da rami. Suka kama musu, wani ya ce a kira liman, ni ina kwance ina warware sarƙa da hannun da ya ɗaye. Wannan Alhajin dai shi ne ya ari tsaninmu tun kafin azumi, kullum sai ya ce yaron da zai kawo ya tafi makaranta. Ranar da motarsa ta mutu a bakin titi ni na tura ta har gida, ko sannu.

Washegari na kai Janar wajen likitan dabbobi, ni ma na nuna gwiwata. Ya fara tambaya ko kare ya cije ni ko ya lashi ciwon, don yawun mahaukacin kare a kan fatar da ta fashe ya isa a kamu. Da haka ta faru, in ji shi, sai a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a garzaya asibiti a yi allura. Na ce kunne kawai, kuma kunnen lafiya lau. Ya duba katin rigakafin Janar, ya ce masu sakin karnuka a layi ba sa kawo nasu, alhali a Vom kusa da Jos ake haɗa allurar rigakafin karnukan, ba sai an jira ta daga waje ba.

Sannan ya yi mini bayani yana danne dariya. Karnuka in an bar su ba sa tunkarar juna fuska da fuska, zagayawa suke ta gefe su shinshina. Wanda ke ɗaure kuwa ba ya iya zagayawa, ba ya iya gudu, saura haushi da kai hari ko da tsoro ne ya cika shi. In kuma mai riƙe da shi ya ɗame sarƙa, kare na jin hakan a wuyansa, ya ɗauka lallai akwai bala'i. Wai tun daga nesa ake juyawa a canza hanya, ko a shiga tsakani a daka wa baƙon tsawa, sarƙa a sake-sake. Na ce likita, kai ka taɓa ganin haƙoran Janar daga ƙasa?

Yaron ɗan farauta ya zo da daddare ba da haƙuri, kuma ya sake cewa karensa ba ya cizo. Silifas na ƙafar hagu dai har yau shiru. Wani ya ce ya ga jan da shi a kango, amma ba ni zan shiga in duba ba.