Kano ta Tsakiya: Mazaɓar da Ba Ta Taɓa Maimaita Sanata a Jere Ba

Na sha jin mutanenmu suna faɗa da alfahari cewa Kano ta Tsakiya ba ta maimaita sanata, wai duk wanda ya je Abuja ya yi shekara huɗu, to ya tattara komatsansa, domin mu nan ba a yi mana kaka-gida. Maganar tana da tushe, kuma ni ma na daɗe ina jin daɗinta. Amma da na zauna na bi tarihin kujerar daki-daki, sai na ga abin da muke kira wayewar siyasa yana da wata fuska da ba mu cika son kallo ba, kuma ita nake so mu tattauna da 'yan'uwa a wannan rubutu.

Daga 1999 zuwa yau ga yadda kujerar ta zagaya. Ibrahim Kura Muhammad ne ya fara riƙe ta a ƙarƙashin PDP. A 2003 Rufa'i Sani Hanga ya karɓa a ANPP, a 2007 ta koma hannun Muhammad Adamu Bello a ANPP ɗin dai, a 2011 kuma Bashir Garba Lado ya ci a PDP. A 2015 Rabi'u Musa Kwankwaso ya sauka daga kujerar gwamna ya hau ta a APC, a 2019 Malam Ibrahim Shekarau ya gaje shi a APC, sannan a 2023 Hanga ya dawo a NNPP bayan shekara 16 da barinta. Zaɓe bakwai ke nan, kuma babu mutum ɗaya da ya yi zango biyu a jere.

Sai dai a ajiye wannan jeri a gefe guda, a ɗauko jerin gwamnonin Kano a ajiye kusa da shi. PDP ce ta ci gwamna a 1999, ANPP a 2003 da 2007, PDP a 2011, APC a 2015 da 2019, NNPP a 2023. Sau bakwai cikin bakwai, jam'iyyar da ta ci kujerar sanatan Kano ta Tsakiya ita ce ta shiga gidan gwamnati a wannan shekarar. Ba haka abin yake a sauran mazaɓun biyu ba, domin Kabiru Gaya ya riƙe Kano ta Kudu a ANPP a 2011 alhali PDP ce ta ci gwamna, haka kuma Barau Jibrin ya riƙe Kano ta Arewa a APC a 2023 duk da guguwar NNPP. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, mu a tsakiya ba sanata muke zaɓa ba, guguwa muke bi. Idan iska ta kaɗa, duk wanda yake riƙe da tutar jam'iyyar da ta yi rinjaye shi ke tafiya majalisa, ko an auna aikinsa ko ba a auna ba.

Abin da ya faru a 2023 ya isa hujja. Malam Shekarau ya bar APC ya shiga NNPP a watan Mayun 2022, aka ba shi takarar sanata, sannan a watan Agusta ya fice ya koma PDP. NNPP ta maye gurbinsa da Hanga, amma hukumar zaɓe ba ta sauya sunan a takardunta ba, har aka kaɗa ƙuri'a aka sanar da Shekarau a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'a fiye da 400,000, a jam'iyyar da ya riga ya bari wata shida kafin zaɓen. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 kafin kujerar ta tabbata ga Hanga. Ba ina zargin kowa daga cikinsu ba ne, abin da ya tsaya mini a rai shi ne dubban ɗaruruwan mutane sun dangwala wa kwandon kayan marmari, alamar NNPP, a lokacin da ake gardama a kotu kan ko wane ne ɗan takarar, kuma hakan bai rage ƙuri'ar ba. Wanda ya dangwala wa alama ba tare da ya damu da sunan da ke bayanta ba, da wuya ya ce ya hukunta wani sanata ko ya saka wa wani.

Kafin a ce na raina mazaɓar, bari in faɗi abin da ya sa nake ganin girmanta. A cikin wannan yanki aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, a lokacin da talaka bai isa ya ɗaga murya a gaban hakimi ba. Gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mumbayya, yana cikin ƙaramar hukumar Dala, kuma daga wannan birni aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai ta Legas a 1959. A 1979 PRP ta cinye dukkan kujerun sanata biyar na tsohuwar jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, cikinsu har da ta Sabo Bakin Zuwo, Abubakar Rimi kuma ya zama gwamna. Rabuwar PRP zuwa ɓangaren santsi da na taɓo da ta biyo baya ta raba gidaje da majalisun hira a unguwannin birni, kuma har yanzu dattawa suna ba da labarinta. A jamhuriya ta huɗu Ghali Umar Na'Abba, mai wakiltar Birni da Kewaye, ya shugabanci majalisar wakilai daga 1999 zuwa 2003, ya kuma tsaya ƙyam a gaban ɓangaren zartarwa. Saboda haka ƙin yarda da danniya gado ne a wannan yanki, ba aro ba. Bambancin kawai shi ne, mutanen NEPU da PRP sun san abin da suke ƙi, sun kuma san abin da suke nema, ga aƙida a baki ga ta a aikace, mu kuwa mun gaji ƙin amma mun bar neman ya sulale daga hannunmu.

Yanzu mu dubi yadda mazaɓar take a ƙasa. Ƙananan hukumomi 15 ne daga cikin 44 na jihar. Takwas su ne na ƙwaryar birni da kewayensa: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Bakwai kuma na karkara ne: Dawakin Kudu, Warawa, Gezawa, Minjibir, Kura, Madobi da Garun Malam. A ƙidayar 2006 takwas ɗin nan na birni sun haura mutum miliyan 2.8, bakwai na karkara kuma sun haura miliyan 1.2, wato jimilla fiye da miliyan 4 daga cikin miliyan 9.4 na jihar baki ɗaya. A ƙidayar nan dai jihar Bayelsa ba ta kai mutum miliyan 2 ba, amma tana da sanata uku, mu kuma mutum ɗaya ne ke magana da yawun wannan taro duka.

Taron kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari da na Singa da na Kurmi, waɗanda damuwarsu ita ce farashin dala da kwastan da gobarar kasuwa. Akwai mazauna Sabon Gari a Fagge, Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu da aka haifi iyayensu a nan, waɗanda ƙuri'arsu takan bi wata hanya dabam. Akwai ma'aikacin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, wanda ya ga kamfanoni suna rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wutar lantarki da shigowar kayan waje. Akwai sababbin unguwannin Kumbotso da Ungogo, inda gidaje suka riga titi da famfo da makaranta isa. Sannan akwai manomin shinkafa na Kura da mai tumatir na Kadawa da Kwanar Gafan, wanda rayuwarsa ta rataya a kan ruwan madatsar Tiga da magudanan noman rani, waɗanda hukumar tarayya ce ke kula da su. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kowa buƙatar sanata, domin matsalarsa a kasafin kuɗin Abuja ake warware ta, amma shi ne ya fi kowa ƙarancin murya, tunda duk ɗan takara ya san cewa Nasarawa ita kaɗai ta fi Kura da Madobi da Garun Malam da Warawa yawan jama'a idan aka haɗa su.

Birnin da karkarar a ɗaure suke da juna, ko da 'yan siyasa ba su faɗa ba. Ƙazamin ruwan da ke fita daga unguwannin birni ta rafin Jakara a madatsar Wasai ta Minjibir yake taruwa, ana kuma noman kayan lambu a bakinsa a dawo da su kasuwannin birni. Dagwalon majemu na Challawa a kogi yake ƙarewa, kuma ruwan famfon da birni ke jira daga Tamburawa yake tasowa. Waɗannan matsaloli ne da ba a gama su a shekara huɗu. Suna buƙatar wakilin da zai bi takarda daga kwamiti zuwa ma'aikata, ya sa a saka aiki a kasafi, ya koma shekara mai zuwa ya tambayi dalilin da ya sa ba a saki kuɗin ba, ya sake komawa a ta gaba.

A nan ne asarar sauyin da muke alfahari da shi take fitowa fili. Majalisar dattawa gida ce da ke fifita wanda ya daɗe, domin ƙa'idojinta suna ba tsofaffin 'yan majalisa fifiko wajen shugabanci, manyan kwamitoci kuma galibi su ake ba wa. Kano ta Kudu ta riƙe Kabiru Gaya shekara 16, daga 2007 zuwa 2023. Kano ta Arewa ta zaɓi Barau Jibrin a 2015 da 2019 da 2023, a zango na uku ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa, kuma abin lura shi ne Tarauni ya wakilta a majalisar wakilai a 1999, wato daga tsakiya ya faro. Ba ina cewa daɗewa kaɗai alheri ba ce, domin mutum yana iya shekara 20 a kujera ba a ga komai ba, kuma mutanen kudu da kansu sun sauya a 2023 da suka ga lokaci ya yi. Amma su sun sauya ne bayan sun gwada sun auna, mu kuwa kowane zango sai mu koma farko.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ba duk sanatocin da suka tafi ba ne mu muka kayar da su a akwati. Lado ya tsaya a 2015 ya sha kaye a hannun Kwankwaso, wannan hukuncin masu zaɓe ne. Amma Kwankwaso bai nemi komawa ba a 2019, domin ya koma PDP a 2018 ya nemi takarar shugaban ƙasa, Shekarau kuma rikicin jam'iyya ne ya raba shi da kujerar. Daga 2015 zuwa 2023 tsofaffin gwamnoni biyu ne suka riƙe ta, dukansu manya masu ɗimbin magoya baya, dukansu kuma sun bar jam'iyyar da aka zaɓe su a cikinta kafin wa'adinsu ya cika. A ganina, a waɗannan shekaru takwas kujerar ta zama wurin tsayawa kafin a san inda babbar siyasa za ta nufa, kuma an yanke makomarta a ɗakunan sulhu da rigingimun shugabanni fiye da rumfunan zaɓe.

Wani abin da ke buƙatar gyara shi ne iyakokin mazaɓun kansu. Sashe na 72 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a shata mazaɓu ta yadda yawan jama'arsu zai yi kusa da juna gwargwadon iko, sashe na 73 kuma ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba rabon bayan aƙalla shekara goma. Amma rabon da muke amfani da shi tun zamanin soja aka yi shi, kafin 1999, kuma har yau bai motsa ba. Shi ya sa Nasarawa mai mutum kusan 600,000 a ƙidayar 2006 take da ɗan majalisar wakilai ɗaya, Fagge mai mutum wajen 200,000 ita ma ɗaya, kuma shi ya sa Gezawa da ke tsakiya take tarayya a ɗan majalisa da Gabasawa da ke arewa. Adadin sanatoci uku ga kowace jiha ba zai sauya ba sai an gyara kundin, amma inda aka ja layi a cikin jiha abu ne da doka ta yarda a sake, muddin majalisun tarayya biyu sun amince. Ban ga dalilin da zai sa mazaɓa ɗaya ta ɗauki fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'ar jiha, sauran biyun su raba ragowar, a kuma yi shiru a kai ba.

Roƙona ga masu zaɓe a waɗannan ƙananan hukumomi 15 shi ne mu raba takardar sanata da ta shugaban ƙasa da ta gwamna a cikin tunaninmu kafin mu shiga rumfa, mu daina siyasar sak a kan wannan kujera. Duk wanda ya zo neman ta, daga kowace jam'iyya, a tambaye shi ƙudurin da zai kai kan magudanan Kadawa, da matsayinsa kan wutar Sharaɗa da Challawa, da abin da zai yi game da Jakara, da kuma ko zai tsaya ya nemi a sake shata iyakokin mazaɓu. A tambaye shi a bainar jama'a ko zai cika shekara huɗu a jam'iyyar da ya nemi ƙuri'a da sunanta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoman rani da na ɗalibai su rubuta amsoshin su adana, domin idan wa'adi ya cika a fito da takardar a karanta masa, a Kura da Minjibir kamar yadda za a karanta a Fagge da Gwale.