Fanshon da aka lissafa da albashin jiya

Duk ma'aikacin gwamnati a Gusau ko Ƙaura Namoda a jihar Zamfara ya san ranar da zai ajiye aiki: galibi in ya shekara 35 yana aiki, ko ya cika 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Amma ka tambaye shi nawa zai riƙa karɓa a wata, sai ya ce maka sai abin da ofis ya rubuta. Alhali lissafin ba ɓoyayye ba ne.

A tsohon tsari, wanda ya samo asali daga dokar fansho ta 1979, abu biyu ake dubawa: shekarun aiki da albashin ƙarshe. Wanda ya yi shekara 10 yana da fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa, da giratuti daidai da albashin shekara guda. Kowace shekara da ya ƙara, fansho ya hau da kashi 2, giratuti da kashi 8, har ya kai shekara 35 inda fansho ke tsayawa a kashi 80, giratuti a kashi 300. A ɗauki misalin magatakarda mai naira 50,000 a wata da ya yi shekara 30. Fanshonsa kashi 70 ne, wato 35,000, giratutinsa kuma kashi 260 na albashin shekara, 600,000, wato 1,560,000.

Matsalar tana cikin albashin ƙarshen nan. In an yi wa mutum ƙarin girma a takarda amma ba a saka masa a albashi ba har ya fita, da ƙaramin matakin za a yi masa lissafi, kuma wannan ragin zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Sannan adadin da aka rubuta ranar ritaya yakan tsaya cak, kasuwa kuwa tana ta tafiya. Wanda ya fita kafin mafi ƙarancin albashi ya koma 30,000 a 2019, ya ga an cire tallafin man fetur a 2023, ya ga albashin ya koma 70,000 a 2024, da me zai sayi kwanon gero da maganin hawan jini in ba a taɓa fanshonsa ba? Kundin tsarin mulkin 1999 ya hango wannan. Sashe na 210 ya wajabta wa jihohi sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya fara zuwa. Umarnin doka ne, kuma gwamnan da ya cika shi haƙƙi ya sauke.

Ma'aikatan tarayya suna kan tsarin adashin fansho da aka kawo a 2004, aka yi wa garambawul a 2014. Ma'aikaci na zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, cikin asusu mai sunan ma'aikacin, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Nan babu jadawalin kaso. Abin da ya taru a asusun, da shekarun mutum, da jinsinsa, da albashinsa na ƙarshe su ke yanke abin da zai karɓa. Saboda haka duk watan da aka cire kuɗi ba a zuba ba, an rage masa uwar kuɗi da ribar da za ta haifa.

Wanda aiki ya nakasa shi ne aka fi mantawa da shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa biyan kashi 1 na jimlar albashin ma'aikatansa ga hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, wanda ya nakasa baki ɗaya a bakin aiki kuma a riƙa ba shi kashi 90 na albashinsa duk wata. A jihar da malamin asibiti da direban gwamnati ke bin hanyar Dansadau da ransu a hannu, ya kamata ƙungiyar ƙwadago ta tambaya a fili ko ana biyan wannan kaso.

A Nuwamban 2019, da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta neman kuɗin kula da kai naira miliyan 10 a wata ta fito fili, majalisar dokokin Zamfara ta soke dokar fanshon tsoffin gwamnoni ba tare da ɓata lokaci ba. Irin wannan hanzarin nake roƙa wa masinja da malamin makaranta. Ya kamata majalisa ta yi dokar da za ta sa duk ƙarin albashi ya zo tare da ƙarin fansho a wata guda, kuma a miƙa wa kowane mai ritaya takarda ɗaya da Hausa mai nuna shekarun da aka ƙirga masa, matakin albashin da aka yi aiki da shi, da kason da ya samu, tun kafin ya sa hannu.