Ɓarawon kwano ya wuce lafiya, mai kyamara aka tare

Wallahi jiya na sha takaici irin wanda na daɗe ban sha ba. Ni dai abin da nake so a rayuwa shi ne ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine da aka yi watsi da su, kangon asibiti, tsohuwar makaranta, tashar jirgin ƙasa da ciyawa ta cinye, wasu na cewa aikin banza ne, to na ji, kowa da abin da ya dame shi.

Akwai wani asibiti a can gefen garinmu, ba zan kama suna ba, an gina shi an yi fenti har da allon buɗewa, ya yi aiki ɗan lokaci aka kulle. Na shiga da hantsi, katangar ma ta zube ba sai ka haura ba. Jama'a abin da na gani! Rabin kwanon rufin babu, silin ya rufto, wayar wuta an zare ta tas daga bango har soket ba a bari ba, tagogi an ɓalle. Ɗakin haihuwa jemagu ne suka tare, warin kashinsu kaɗai ya isa ya koro ka, ga gadajen ƙarfe biyu da suka rage sun yi tsatsa, ga katunan marasa lafiya a watse a ƙasa ruwan sama ya jiƙa su, da sunayen mutane a jiki fa. Waɗannan ko hotonsu ban ɗauka ba, sirrin mutane ne.

Ina cikin ɗauka sai ga wani dattijo da sanda, wai shi ne maigadi, bayansa 'yan sintiri biyu. Na gaishe shi na ce Baba hoto kawai nake ɗauka. Ya ce yaro wa ya ba ka izini? Na ce Baba wajen wa ake karɓar izinin, don wata uku ina zarya ofis, wannan ya ce oga bai shigo ba, wancan ya ce in rubuto takarda, na rubuta, aka ce ta ɓata. Nan fa aka hau ni, wai ɗan leƙen asiri ne ni, wai ɗan adawa ya turo ni in ɓata wa gwamnati suna, suka sa na goge hotunan a gabansu sannan ɗayan ya matso ya ce to ba na goro? Haba! Lokacin da aka zo da kura aka kwashe kwano da janareta ina kuke? Kwano ba ya shiga aljihu ai, da ƙara ake ɓalle shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, a Jamus akwai asibitin masu tarin fuka a Beelitz kusa da Balin, tun 1898 aka fara gina shi, Hitler ma ya yi jinya a ciki a 1916, sojojin Rasha suka riƙe shi har 1994 sannan ya zama kango. Yanzu tikiti ake saya, an yi gada ta sama tsakanin bishiyoyi kana tafe kana leƙa ginin kana ɗaukar hotonka. A Amurka asibitin tsibirin Ellis da aka rufe a 1951, hular kwano za su ba ka su zagaya da kai. Mu kuwa ga masaƙun Kakuri a Kaduna sun shekara ashirin da ɗoriya a tsaye, yaran yanzu ba su ma san dubban iyayensu sun ci abinci a wurin ba.

Kuma na Jamus ai sun gina wasu ne suka bar wancan. Namu fa? Matan unguwar har gobe a adaidaita ake ɗaukarsu da naƙuda zuwa cikin gari, su wuce ta ƙofar wannan kangon.

Ɗari biyar na ba su suka sake ni. Wanda ya fi min ciwo cikin hotunan da aka goge shi ne na sikelin auna jarirai, ƙadangare na kwance a kai yana shan rana.