Turmin minti 2 ko na minti 3: a bar matan da ke dambe su zaɓa da kansu

Akwai wata rigima a damben boksin na mata da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, duk sanda aka yi babban wasa sai ta sake tasowa. Maza idan za su kara a kan kambun duniya turmi 12 suke yi, kowane turmi minti 3. Mata kuwa turmi 10 ne, kowanne minti 2. In ka lissafa namiji yana da minti 36 a fage, mace minti 20, alhali kambun sunansa ɗaya, hukumar da ke bayarwa ɗaya, kuma naushin da ake sha a fuska duk naushi ne.

Ni dai bari in faɗi matsayina tun yanzu: a ba su zaɓi. Wadda ta ce za ta iya turmi 12 na minti 3 kuma abokiyar karawarta ta yarda, likita ya duba ya sa hannu, to a bar su su yi, kar wata hukuma ta ce sai dai ta ajiye kambunta. Wadda kuma ta fi son minti 2 ta ci gaba da abinta, ba wanda zai ce mata raguwa.

Na san wani zai ce mace da dambe kuma, ina ruwanmu? Wannan maganar daban ce, kowa da fahimtarsa. Amma matan nan suna nan, sana'arsu ce, da ita suke ci da iyalansu, tun 2012 ma aka saka damben mata a Olamfik a Landan, don haka tunda ana yi to a yi musu adalci a ciki.

Wadda ta tsaya kai da fata a kan maganar nan ita ce Amanda Serrano 'yar Puerto Rico, wadda ta ci kambu a rukunin nauyi har 7. A watan Oktoba 2023 ita da wasu 'yan dambe mata suka fitar da takarda suna neman a ba su damar yin turmi 12 na minti 3, kuma ba ta tsaya a baki ba, ranar 27 ga watan ta hau fage a Orlando ta Amurka da Danila Ramos 'yar Brazil suka yi turmi 12 ɗin cur. Serrano na da shekara 35 a lokacin, ta kai naushi sama da 1,000, alƙalai ukun duk suka ba ta kowane turmi, Ramos ma da idonta a kumbure ta kai har ƙararrawar ƙarshe a tsaye. Hukumomin damben duniya masu ba da kambu irin WBA da WBO sun amince da wasan, WBC ce ta ce ba da ita ba. A watan Disamba Serrano ta ajiye musu kambunsu ta yi gaba. Wallahi abin ya taɓa ni, domin sai da ta yi shekaru tana bi ɗaya bayan ɗaya kafin ta haɗa kambunan rukunin gaba ɗaya a hannunta, sai ga shi ta saki ɗaya da kanta saboda minti ɗaya a kowane turmi. Kuma fa ba ita ta fara ba, Layla McCarter ta yi irin wannan wasa tun 2007 a Las Vegas, kawai dai a lokacin ba a damu da damben mata ba shi ya sa labarin bai yi nisa ba.

To me WBC ke cewa? Shugabanta Mauricio Sulaiman ya ce maganar lafiya ce, sun dogara da binciken da ke nuna mata sun fi maza saurin samun girgizar ƙwaƙwalwa, har ya kawo misalin tenis inda mata ke buga zagaye 3 maimakon 5 na maza, da ƙwallon kwando inda ƙwallon mata ta fi ƙanƙanta. Ba zan yi watsi da maganar lafiya ba, ko kaɗan. Dambe kisa yake, ba a baki ba. A Nuwamba 1982 Duk Koo Kim ɗan Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a wasansa da Ray Mancini, bayan 'yan kwanaki ya rasu, kuma WBC ɗin nan ce ta fara rage damben maza daga turmi 15 zuwa 12. Wannan aikin alheri ne, a ba su hakkinsu.

Amma misalin tenis bai shige ni ba, don in ka cire manyan gasa huɗu na shekara, maza ma zagaye 3 suke bugawa a yawancin wasanninsu. Sannan ku dubi Olamfik: a Landan mata turmi 4 na minti 2 suka yi, zuwa gasar Tokyo an mayar da su turmi 3 na minti 3 daidai da maza. Yarinya ta taso a damben 'yan koyo tana yin minti 3, ta ci zinare, ta zama ƙwararriya, sai a ce mata yanzu minti 2 ne ƙarfinki, wannan wane irin lissafi ne? A UFC kuwa, wato gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa da shuri, mata minti 5 suke yi kowane turmi kamar maza, da gwiwa da gwiwar hannu da shuri a ka, da 'yar siririyar safar hannu, kuma hukumomin wasanni na jihohi irin Nevada da New York da ke ba damben boksin lasisi su ne dai ke ba wannan.

An sha yin irin haka. Bayan Olamfik na 1928 a Amsterdam aka cire tseren mita 800 na mata wai ya fi ƙarfinsu, bai dawo ba sai 1960. Gudun fanfalaki na mata bai shiga Olamfik ba sai 1984. A Ingila sai da Jane Couch ta kai hukumar dambe ƙara kafin ta samu lasisi a 1998. Kowane lokaci da sunan kare lafiyarsu aka yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne turmi na 5 a karon farko na Katie Taylor 'yar Ireland da Serrano, ranar 30 ga Afrilu 2022 a Madison Square Garden na New York, karo na farko da mata suka zama babban wasan dare a wannan fage. Wanda bai gani ba ya nema ya kalla. Serrano ta matse Taylor a jikin igiya tana ta zuba mata hagu da dama, hancin Taylor na jini, ƙafafunta sun fara rawa, ta ƙi riƙewa ta ƙi faɗuwa tana mayar da abin da za ta iya, jama'a duk sun miƙe tsaye, sai ƙararrawa. Taylor ta koma kusurwa aka goge mata fuska aka ba ta ruwa, ta huta minti ɗaya, ta dawo ta farfaɗo a hankali har ta ci wasan da maki, alƙalai biyu nata ɗaya na Serrano. Jarumtar Taylor ba abin musu ba ce. Amma duk wanda ya san dambe ya san minti na uku shi ne inda mai dukan ciki ke karɓar ladan aikinsa, inda wanda aka jigata numfashinsa ke ƙarewa, inda alƙalin wasa ke gane cewa wannan ya isa haka a tsayar. A minti 2 kina fara gano abokiyar karawarki an buga ƙararrawa. Shi ya sa kisa, wato a buge mutum ya kasa ci gaba, ya yi ƙaranci a damben mata, wasa da yawa sai an je ga maki, makin ma na kusa da kusa saboda turmin ya yi gajarta alƙali bai ga abin da zai raba su sosai ba, daga nan sai rigima a ce an yi coge.

Kuma a nan ne nake ganin hujjar lafiyar tana da wata fuska da ba a cika faɗa ba. Gajeren turmi yana sa a yi ta ruwan naushi ba tsayawa tun daga ƙararrawa, sannan wadda aka jigata tana samun hutu da wuri ta dawo ta ƙara shan wani dukan a kai, turmi bayan turmi. Wanne ya fi illa, a tsayar da wasa a turmi na 5 ko a lallaɓa ta har na 10?

Katie Taylor kanta ba ta goyon bayan minti 3, ta ce minti 2 ne ke sa damben mata sauri da armashi, kuma karonsu na biyu a Texas a Nuwamba 2024 da na uku a New York a Yuli 2025 duk turmi 10 na minti 2 aka yi, duk ita ta ci. Ina girmama ra'ayinta ƙwarai, mace ce da ta ci zinare a Olamfik na 2012 ta kuma ɗauki wasan nan a kafaɗarta shekara da shekaru. Wasu matan kuma cewa suke, za a ƙara mana minti 16 na shan duka amma kuɗin yana nan yadda yake? Su ma gaskiyarsu. In an ƙara lokaci dole a ƙara kuɗi, don masu shirya wasa sun daɗe suna fakewa da gajartar wasan mata suna biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, kar kuma a wayi gari an tsawaita wasan an bar ladan a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake cewa a tambaye su, kar a yanke musu daga ofis.

In da gaske lafiyar ake so a kare, ga inda aikin yake. Jeanette Zacarias Zapata 'yar Meziko shekararta 18, ta yi wasa a Montreal ta Kanada a ƙarshen Agusta 2021, wasan turmi 6 ne kacal, aka tsayar a na 4, ta fita hayyacinta, bayan kwanaki ta rasu a asibiti. Watanni kaɗan kafin nan an buge ta har ƙasa a wani wasa a ƙasarsu. Gajartar wasa ba ta cece ta ba. Hoton ƙwaƙwalwa kafin a ba mutum izinin hawa fage, hutun dole na gaske bayan an buge ɗan dambe ya kasa tashi, hana haɗa ƙwararriya da 'yar koyo don kawai a cika jadawali, sa ido a kan masu ƙona ruwan jikinsu don su kai nauyin awo, likita da motar asibiti a bakin fage, alƙalin wasa mai ƙarfin halin tsayarwa ko 'yan kallo na ihu, waɗannan ne ke raba rai da mutuwa, ga mata da maza baki ɗaya.

WBC har yanzu tana kan bakanta, kuma zakarunta na ta tafiya. A 2025 Alycia Baumgardner 'yar Amurka ta ajiye nata kambun don ta yi turmi 12 na minti 3, Chantelle Cameron 'yar Ingila, wadda ta taɓa doke Taylor a Dublin a 2023, ita ma ta ajiye nata a watan Oktoba a kan wannan magana. Dan Allah in hukuma tana da binciken da ya nuna cewa minti na uku ne takamaimai ke cutar da mata a dambe, ta shimfiɗa shi a fili likitocin da ba nata ba su duba, ta zauna da su Serrano da su Taylor a teburi ɗaya a ji ta bakin kowa. Kafin nan dai a daina tilasta wa mace ta zaɓa tsakanin kambun da ta ci da guminta da wasan da ta ce za ta iya.