Ku da kuke yaɗa bidiyon nan, waƙar ba ni ya kamata ku sa wa ba

To, na gani. Na ga bidiyon, na ji waƙar da aka ɗora masa, na kuma ga bawan Allahn da ya rubuta cewa Bakano bai san wani hawa ba sai na farashi. Wannan kam ta ba ni dariya, ba zan ɓoye ba. Ku daina turo mini kuna tambaya ko ni ne. Ni ne. Ni ne mai jar hular nan da ke jan gindi a kan falalen dutse kamar yaron da bai fara tafiya ba. Ko ƙanwar mahaifiyata ta kira ni daga Gwarzo tana salati, wai ta ji an ce na faɗo daga dutse a Jos.

Ban faɗo ba. Amma tunda kun sa ni magana, bari in faɗa muku wanda ya cancanci waƙar. Mutumin da ya zauna ya rubuta a sanarwa cewa "sabon shiga ma zai iya", sannan ya jera duwatsu uku a wuni ɗaya a tsaunukan Shere da ke gefen Jos, shi ne ya kamata a sa wa kiɗa. Maganata ke nan, kuma ita zan yi ta maimaitawa har ku gaji.

Ni tarihin hawana a duniya bai wuce Dala ba. Dala kuwa matakala gare ta, ka hau, ka ga rufin Kano har Goron Dutse, ka sayi gyaɗa ka sauko. Na faɗa wa masu shirya tafiyar haka baki da baki kafin in biya kuɗina. Na ce ban taɓa yi ba, aikina na zaman kujera ne, ga ɗan tumbi. Amsar da na samu ita ce, "Haba Yallaɓai, ai yawo ne kawai, har mata suna zuwa." Yawo. Ku riƙe kalmar nan.

Ga abin da ake kira yawon. Garin Jos kansa yana kan tudun da ya haura mita 1,200 daga doron teku, wato tun kana kwance a masauki ka fi Kano tsawo da ninki biyu da wani abu. Ƙololuwar Shere tana kai wa kusan mita 1,829, ita ce mafi tsawo a duk tudun Filato. A Najeriya gaba ɗaya sai irin su Chappal Waddi ta Taraba mai mita 2,419 ne ke gabanta. Wajen ma akwai wani tsibin duwatsu da ake kira Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju. Ni da na ji sunan tun a mota ai da na nemi a sauke ni a unguwar Lamingo da ke kan hanya in jira su. Wurin da aka raɗa wa suna Yajuju da Majuju shi ne yawon sabon shiga.

Kuma dutsen Shere ba tudu ba ne mai hanya ka bi. Manyan duwatsu ne aka kifa wani kan wani, wani ya fi ɗaki girma, tsakaninsu ramuka da tsaguwa. Wani wurin sai ka sa hannu da gwiwa, wani wurin sai ka matse ciki ka kutsa ta tsakanin biyu, wani wurin sai ka yi tsalle kana kallon ramin da ke ƙasa. An ce za a tashi ƙarfe 6. Sai 8 da rabi muka fara taka dutse, saboda ana jiran rigunan ƙungiya da mai hoto. Awa biyu da rabi na sanyin safiya suka tafi a kan riga.

Na farkon na hau shi lafiya, har da ɗaga hannu a hoto. Nan ma aka yaudare ni, ko in ce na yaudari kaina. Na biyun ya fara karanta mini karatun. Na ukun kuwa ban san yadda zan kwatanta muku ba, sai dai in ce na gane ma'anar ƙafa ta ƙi umarnin mai ita. Cinya tana rawa da kanta, sharaɓa ta ɗaure tam, harshe ya bushe, ga jiri. Ruwana ledoji biyu ne, domin abin da aka rubuta kawai shi ne "ku zo da ruwa". Nawa? Ba a faɗa ba. A iskar hunturu a kan tudu gumi yana bushewa kafin ka gan shi, ga sanyi-sanyi yana kaɗawa, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba alhali jikinka yana ta tsiyaya. Mai tafiya irin wannan yana buƙatar wajen rabin lita a kowace awa. Wanda ya san dutse ya san haka. Ni ban sani ba, shi ya sa ake kira na sabon shiga, shi ya sa kuma na biya kuɗi a jagorance ni.

Yanzu bari mu zo kan masu wa'azi.

Wai "ai kai ka kai kanka". Ƙwarai. In na hau motar haya ma ni na kai kaina tasha, amma in direba ya ce mini birkinsa lafiya lau alhali ya san babu, ba za ku ce in zargi ƙafata ba. Na wuce wannan.

Wai "mu ma haka muka fara". Allah Ya ƙara lafiya. Don an yi muku rashin adalci kun tsira, sai ya zama gado da za a riƙa raba wa na baya? A gindin tsaunukan nan akwai cibiyar horar da shugabanci da aka fi sani da Man O' War, shekara da shekaru suna kai matasa kan duwatsun nan. Ku je ku tambaya ko ranar da mutum ya sauka daga mota ake jera masa ƙololuwa uku.

Wai "matan ƙauyen wajen suna hawa da itace a ka". Suna yi, na gan su da idona, wata ma ta wuce ni da silifas tana yi mini sannu. A nan aka haife ta. Ta san kowane dutse da inda yake da santsi. Ku kawo ta Kantin Kwari ranar jajibirin salla ku ce ta fita da kanta, mu ga wa zai ɗauki bidiyon wa.

Mafi ban haushi su ne masu cewa "ai ba wanda ya mutu". Wato ma'aunin ke nan? Sai an ɗauko gawa daga kwazazzabo kafin a yarda shirin bai yi ba? Ku da ke ta kawo mini maganar tawakkali kuma, raƙumin ake fara ɗaurewa.

Abin ma ba wani ilimin boko mai zurfi ba ne. Tun 1892 wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya bar lissafi mai sauƙi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan ga mai ƙarfi ne, a kan hanya mai kyau, ba hutu, ba hoto. In ka sa sabon shiga, ka sa duwatsun da ake kamawa da hannu, lissafin ya kan kusa ninkuwa. Wanda ya yi wannan ɗan lissafin a bayan takarda zai ga cewa duwatsu uku daga 8 da rabi na nufin saukowa da magariba. Ba a yi lissafin ba. Abin da aka lissafa shi ne yadda "duwatsu uku a rana ɗaya" zai yi kyau a Instagram.

Kuma abin da ba wanda ya faɗa mini: sauka ta fi hawa wuya. In kana hawa, huhu ne ke kuka, ka tsaya ka huta ya dawo. In kana sauka, cinya ce ke riƙe nauyinka duka tana taka birki a kowane taku, gwiwa tana shan duka, ga ƙasan yana kallonka. Kambas ɗina tafinsa ya suɗe, a kan falalen dutse mai ɓurɓushin tsakuwa kamar sabulu yake. Lokacin da aka ɗauki bidiyon nan, zaɓi biyu gare ni, in zauna in ja gindi ko in miƙe in gwada sa'a. Ina da 'ya'ya biyu. Na zauna. Gobe ma in aka mayar da ni wurin zama zan yi.

Bari in ajiye wasa. Akwai wani lokaci a kan dutse na ukun da na waiga ban ga kowa ba. Masu riguna sun yi gaba, muryoyinsu ma sun ɓace, waya ba sabis, rana ta karkata. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba tun da na girma. Na tuna uwar 'ya'yana ta ce mini in bari sai wani karon, na ce mata yawo ne. Wanda ya dawo nemana wani saurayi ne ɗan ƙauyen gindin dutsen, wanda aka ɗauka nuna hanya, ba ya cikin ko hoto ɗaya. Ya ce, "Baba, juya ka fuskanci dutsen, ka sauka kamar daga kan tsani. Kada ka ɗaga hannu sai ƙafa biyu sun zauna." Ya karɓi jakata. Wata baiwar Allah a cikin tawagar ita ma ta dawo, ta jiƙa mini garin gishiri da sukarin nan na leda a gorarta, ta ba ni dabino uku. Su biyun nan suka sauko da ni taku-taku, ba wanda ya yi dariya. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan iyayensu.

Wanda ya ɗauki bidiyon kuwa yana tsaye a ƙasa, hannunsa biyu lafiya, ya zaɓi ya riƙe waya.

Shi ya sa nake cewa, kuma zan ƙara cewa: in ka rubuta "sabon shiga ma zai iya", to na ƙarshen layi amanarka ne. Ka sa mutum a baya wanda ba ya wuce kowa. Ka faɗi litar ruwa da lamba. Ka duba takalman mutane kafin a tashi. Ka ce dutse ɗaya ne na sababbi, mai sauran ƙarfi ya ci gaba. In ba za ka iya ba, goge layin nan daga sanarwarka, ka rubuta gaskiya, mu masu tumbi mu san inda dare ya yi mana. Ba wanda zai ji haushi.

Kada wani ya ce na ce a daina zuwa Shere. Daga saman dutse na farkon na hango Jos a shimfiɗe, ga ruwan madatsa yana ƙyalli, iska mai daɗi da ban taɓa shaƙar irinta ba. Zan koma, in Allah Ya so, dutse ɗaya, da takalmin kirki, kuma saurayin nan zan nema kai tsaye.

Yau kwana uku ke nan a zaune nake salla. Ciwon ma ashe ba ranar yake zuwa ba, sai a kwana na biyu ya sauka da kayansa, matakalar ofis kuwa da baya-baya nake sauko ta, masinja yana ta yi mini sannu yana danne dariya, na san shi ma ya gani.

Af, kafin in manta. Da za mu taho mun tsaya a kasuwar Farin Gada ta Jos na sayi dankalin turawa da kabeji da karas. Jama'a, wa ke cin ribar da ke tsakanin Farin Gada da kasuwar Yankaba ta Kano? Kuɗin mota ne kawai ya kawo wannan tazarar? Ku da kuka ce Bakano ya iya hawan farashi, ga inda za ku ɗauko bidiyo. Sannan wanda ya tafi da filas ɗina mai ruwan toka daga bayan bas, murfinsa yana wurina.