Kabewa abinci ce

Tun shekaranjiya ake ta cacar baki a kan bidiyon nan na 'yar'uwarmu da ta zaunar da yaranta uku suna sassaƙa kabewa shida don Halowin, bikin Turawa na daren 31 ga Oktoba, har wasu sun yi fushi sun fice daga zauren WhatsApp. Masu cewa haramun ne sun faɗi nasu, masu cewa wasan yara ne sun faɗi nasu. Na bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗayan dare, ban ga wanda ya tambayi ina kabewa shidan nan suka ƙare ba. To ni na sani, domin layinmu ɗaya da ita a nan Birmingham ta Ingila. Yau da safe, 2 ga Nuwamba, na gan su jibge a bakin kwandon shara, ruwan sama ya jiƙa su, bakin da aka yanka musu ya fara baƙi. Shida cur. Wallahi sai da zuciyata ta sosu.

Hukuncin bikin na bar wa malamai, su ne masu wannan fage, kuma kowa ya san yarana ba sa fita yawon karɓar alewa ranar 31 ga Oktoba. Abin da ya hana ni barci daban ne. Kabewa abinci ce. A kasuwar Yankaba ta Kano yanka-yanka ake sayar da ita, uwargida ta sayi ɗan tsagi ɗaya ta yi miyar taushe gida guda ya ci. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan jera su a kan rufin ɗaki bayan kaka, su yi watanni ba su lalace ba matuƙar wuƙa ba ta taɓa su ba. Yau jikokin irin waɗannan iyayen ne ake miƙa wa guda shida a ce su huda su zubar.

Masu kafa hujja da addini, yaya aka yi kuka tsallake aya ta 27 a Suratul Isra'i, inda Allah ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu? Kun manta hadisin Anas, ranar da wani tela ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, Anas ya ga yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa, shi ma tun daga ranar ya ƙaunace ta? Irin abin da Annabi yake so ke nan muke mayarwa shara.

An ce mini ai da arha take, fam ɗaya ko biyu ce a kanti. Arha ba ta fitar da abu daga cikin abinci. An ce ai irin ta sassaƙa ba a cinta. Ba gaskiya ba ne. Manoma sun zaɓo irinta ne don girma da faɗin ciki, shi ya sa ta fi ruwa kuma ba ta kai tamu garɗi ba, amma ana ci sarai. Na sha yin taushe da ita, gyaɗa kawai nake ƙarawa.

An kuma ce ai al'adar ƙasar ce, dole yaro ya saje da abokansa. To a je a bincika al'adar. Mutanen Ailan da Sukotlan da suka fara ta ba kabewa suke sassaƙawa ba, wata saiwa ce mai tauri da suke kira tanif, su ƙwaƙule ta su sa wuta a ciki. Irin kabewar da ake sassaƙawa 'yar nahiyar Amurka ce, a Meksiko aka fara nomanta dubban shekaru da suka wuce. Sai da 'yan Ailan suka kwarara Amurka, musamman sanadin yunwar da ta faro a 1845 ta kashe musu mutum kusan miliyan 1, sannan suka tarar da kabewa ta fi sauƙin yanka. Mutanen da yunwa ta kora daga gidajensu ba su ne za su koya wa kowa zubar da abinci ba. Jibgin nan na zamani aikin 'yan kasuwa ne.

Masu kai ta daji wai dabbobi su ci, ku ma ku daina. Ƙungiyar Woodland Trust mai kula da dazuzzuka a Birtaniya ta sha yin gargaɗi cewa tana sa bushiya gudawa, a daidai lokacin da take tara kitse don barcin hunturu.

Ina da maƙwabciya Baturiya, dattijuwa, guda ɗaya tak take saye wa jikokinta. Ita ke riƙe wuƙa, domin ba a ba ɗan shekara huɗu wuƙa a kan ɓawo mai santsi. Su kuma ta ba su cokali. Bara 'yata mai shekara biyar ta shiga gidan, na same ta ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwa a cikin kabewar, tana zaro zaren nan mai yauƙi tana ƙyalƙyala dariya. Matar ta sa su wanke 'ya'yan kabewar a rariya, ta barbaɗa gishiri ta gasa musu, naman da ta kankare daga ciki kuma ta yi miya. Yarinyar ta dawo da 'ya'yan kabewa a tafin hannu tana cewa "Umma, ashe ana cin wannan?" Daɗin da yara ke ji ke nan, taɓawa da dagulawa da ɗanɗanawa, kuma guda ɗaya ta ishe su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba ganin uwarsa ta cika kwandon shara da abinci lafiyayye, da wane baki za ta ce masa ya cinye tuwonsa?

Hajiya, idan kin ga wannan rubutu, ba tozarta ki nake nufi ba, ƙaunarki ce ta sa na yi magana. Baɗi idan kin saya, ki aiko mini kafin a huda, ni zan dafa mu raba.

Sai dai daddawata ta ƙare tun watan jiya, yakuwa kuma sai busasshiya nake samu a shagon 'yan Afirka. Duk mai tahowa daga Kano cikin watan nan, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo.