Ai mun daɗe muna yi, suna ne kawai sabo

Na karanta wani labari da ke cewa ƙananan 'yan kasuwa su daina zubar da shara su riƙa maida ita jari, gaskiya magana ce mai kyau amma wallahi talakan arewa ya daɗe yana yin abin nan. Ku shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ku ga yadda ake sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, gwangwanin lemo kuma a narka shi a zuba a ƙasar da aka yi wa siffa, ya fito tukunyar da ake dafa shinkafar biki. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tub ɗinta ya zama guga na rijiya. Kakata in ta matse man gyaɗa tunkuzar ƙuli-ƙuli take zama, ɓawon gyaɗar ma tumaki ake ba, kashinsu kuma a kai gona.

Abin da ke damuna shi ne ledar fiya wata, ita ce ke toshe mana kwatoci duk damina har ruwa ya shigo ɗaki. Yaran bola jari kuma da hannu suke tonon juji babu safar hannu babu takalmi, kwalba ta yanke su, sannan dillali ya saya a wulaƙance. Don Allah in za a taimaka a fara da su, a sa musu injin niƙa roba a unguwa da wutar sola, su riƙa sayarwa kamfani kai tsaye.